Goggona, Malamar Log

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ƙarshen daminar bana Allah ya karɓi abinsa. Goggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina 'yar yaye har ta kai ni ɗakin miji, ta rasu a gidanta na Matsango, nan cikin Azare, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba.

Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma ya riga ta tafiya da daɗewa, saboda haka na ɗauka zaman makokin na dangi ne da maƙwabta kawai. Tabarmin gida na sa aka shimfiɗa. Kafin la'asar sai da muka aika aka aro na maƙwabta, suka cika, aka koma shimfiɗa buhuna.

Mata ne suka yi ta shigowa, yawancinsu ban taɓa ganinsu ba. Wasu da fararen kayan asibiti a ƙarƙashin hijabi, wasu malaman makaranta daga Giade da Misau, wata kuma ta ce ita hatsi take saye da sayarwa a kasuwa. Kowacce za ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri?" in ce, "Da godiya." Sai ta ƙara da cewa, "Ni ɗalibar Malama ce."

Ana cikin wannan zama, wata mata mai ƙiba da ke jingine da randa ta share hawaye, ta gyara murya ta ce, "Ke! Ajiye alƙalamin nan. Me labarin ya ce?" Muryar Goggo ce sak, har da yadda take jan kalmar ƙarshe. Rabin tsakar gidan ya fashe da dariya, dariyar kuma ba ta je ko'ina ba ta koma kuka. Tsofaffin unguwa suka yi ta kallonsu, ba su gane abin da ya faru ba.

Baba, wato mahaifina, yana waje tare da maza yana karɓar gaisuwa. Bai shigo ba sai da aka yi sallar magariba. Ya tsaya a ƙofar ɗakinta, bai shiga ba, ya daɗe yana kallon gadon. Sannan ya ce da ni, "To, Adda ta tafi. Yanzu wa zai riƙa yi mini faɗa?" Dattijo ne mai furfura, da jikoki, amma a lokacin muryarsa ta koma ta ƙaramin ƙane.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, Goggo ba ta bar komai a rubuce ba. Ta shafe rayuwarta tana koyar da lissafi a wata makarantar sakandare ta 'yan mata, tana cikin matan farko na ƙasar Katagum da suka tsaya gaban allo da wannan darasi, amma duk hikimarta a bakinta take. An sha roƙonta ta rubuta, ta ce ita Hausarta ta magana ce, ba ta littafi ba. In mu da muka ji ta ba mu faɗa ba, shi ke nan an binne komai tare da ita.

Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan fara'a. Koyaushe akwai ɓurɓushin alli a bakin mayafinta. Ba ta cin goro, ba ta zuwa biki sai ya zama dole, in ta je kuma ita ce ta farkon tashi. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "Uwata." Ko faɗa za ta yi mini, da Uwata take farawa. A jakarta kuwa, ko ina za ta je, akwai wani ɗan littafi da ya sha ɗinki, wanda 'yan makaranta ke kira fofiga. Lambobi ne zalla a cikinsa, jeri-jeri, da shi ake duba log kafin kalkuleta ta wadata. Ko bayan da kowane yaro ya mallaki kalkuleta ba ta rabu da shi ba. Takan ce shi batirinsa ba ya mutuwa.

A duk darussan lissafi, wanda ta fi so shi ne wanda yara suka fi tsoro: tambayar da ake kawowa cikin labari, a ce wani abu yana ƙaruwa ko yana raguwa, a nemi lokacin da zai kai kaza, kuma ba a samun amsa sai an bi ta log. Ita "lissafin labari" take kiransa. Dokarta ta farko, ba a taɓa alƙalami. Za ta sa yarinya ta karanta tambayar da Turanci, sannan ta rufe littafin ta ba da labarin da Hausa, kamar yadda za ta gaya wa kakarta. In ta kasa, a sake karantawa. Takan ce wadda ba ta iya ba da labarin ba, ko ta cika shafi da lambobi, wahalar da alƙalami kawai ta yi.

Bayan nan sai ta tambaya, "Me aka sani? Me ake nema?" Abin da ake nema a raɗa masa suna, a ce ekis. A irin waɗannan tambayoyi, ekis ba ya zama a ƙasa tare da sauran lambobi, sama yake hawa ya zauna a kan wata lamba, yana nuna sau nawa aka ninka ta. Nan ne yara ke rikicewa. Sai Goggo ta ce, "Ekis ya hau rufin ɗaki. Za ki tsaya a ƙasa kina yi masa ihu ne? Kawo tsani. Log shi ne tsanin." A ɗauki log na dama, a ɗauki na hagu, ekis ya sauko ƙasa, saura rabawa kawai. Ban taɓa ganin yarinyar da ta ji wannan ta manta ba.

Kuma ba ta yarda a tashi don amsa ta fito. Wani lokaci lissafin kan ba da amsa biyu, ɗaya biyar, ɗaya kuma biyu ƙasa da sifili. Yarinya ta rubuta duka biyun ta ja layi tana murna. Goggo ta tsaya a kanta ta ce, "Tambayar faɗin gona aka yi miki. A garinku akwai gonar da faɗinta bai kai sifili ba? Mayar da kowace amsa cikin labarin, ki ga wadda ta zauna. Log ma ba ya karɓar lambar da ke ƙasa da sifili, balle gona."

Matar nan da ta kwaikwayi muryarta a wurin makoki, daga baya ta matso kusa da ni ta ba ni nata labarin. Daga wata ruga ta kusa da Gadau ta fito, Fulatanci ta tashi da shi, Hausa ta biyo baya, Turanci kuwa sai a makaranta. In aka ba ta lissafin lambobi zalla, babu mai riga ta gamawa. In aka kawo na labari, sai ta miƙa farar takarda. Malamai sun yanke cewa kanta ba ya ja, har an fara maganar a mayar da ita aji na baya. Wata Asabar Goggo ta sa aka kira ta gindin bishiyar maina da ke bayan ofishin malamai. Tambayar a kan ƙwayoyin halitta ce masu ninka kansu kowace awa, ana neman lokacin da za su kai wani adadi. Goggo ta tambaye ta kalma-kalma, sai ta gano cewa kalmar Turanci mai nufin "ninkawa" da mai nufin "da farko" ne yarinyar ba ta sani ba, kunya kuma ta hana ta tambaya.

"Sai Malama ta juya harshe zuwa Fulatanci," in ji matar. "Ta ce da ni, in innarki ta tatsi madara, me take zubawa don ta zama nono? Na ce ɗan tsohon nono, kamar cikin cokali. Ta ce to yaya cokali ɗaya ke cinye ƙwarya guda? Ta ce abin da ke cikin cokalin nan rai gare shi, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu. Tambayar da aka yi miki ke nan, ƙwaryar innarki ce aka sa wa Turanci. Wallahi kafin ta rufe baki na ga amsar." Yanzu matar ita ke koyar da lissafi a wata makaranta a Gadau. Ta ce Goggo ta yi zango guda tana zama da ita kowace Asabar, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Ba a aji kaɗai take wannan lissafi ba. Baba manomi ne a Katagum, yana da fadama a bakin kogi da suka gada, shinkafa yake yi da damina, da rani kuma albasa da tumatir. Wani hutu muka je da Goggo, ina ƙaramar budurwa a lokacin. Muna zagaya fadamar tare da Baba ta hangi kacalla a kusurwar da ke kusa da ruwa, doguwar ciyawar nan da ke toshe hanyar ruwa, tsuntsaye kuma su yi gida a cikinta su riƙa cin shinkafa. Ta tsaya.

"Auta, wannan fa?"

"Ai ba ta da yawa, Adda. In an raba fadamar kashi ashirin, ba ta wuce kashi ɗaya ba."

"Bara fa?"

"Bara kamar rabin haka."

"Ka tara mutane a sare ta bana, a tone saiwar."

Baba ya yi dariya. Ya ce, "Kashi ɗaya cikin ashirin? Ai kafin ta cinye gonar nan sai shekara ashirin. Wa ya san inda muke lokacin?"

"Ba tafiya take yi ba, Auta, ninkawa take yi." Ta tsuguna, ta tsinci kara ta fara zane a ƙasa. Ta rubuta biyu, ta ɗora masa ekis a ka, ta ce daidai yake da ashirin. Ta zaro fofiga daga jaka, ta duba log na ashirin, ta duba na biyu, ta raba. Ta ɗago ta ce, "Shekara huɗu da 'yan watanni."

"Adda, kogi ba ɗan ajinki ba ne," in ji Baba. Ya sa ƙafa ya share zanen, cikin wasa dai, amma na ga fuskarta ta sauya. Haka muka dawo Azare.

A shekara ta uku ruwa ya yi yawa, ya kwanta a fadamar bai janye da wuri ba. Da ya janye, kacalla ta rufe kusan ko'ina. Baba ya zo Azare, ya zauna a bakin tabarma, ya kasa cin abincin da aka kawo masa. Can ya ce, "Adda, lissafinki bai yi daidai ba. Shekara uku ta yi."

Na zaci za ta ce ai ta faɗa masa. Ba ta ce ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fara haɗa kaya. Washegari muka bi shi Katagum, ta sa ya kira gayya, ita kuma ta tsaya a kan tukunya da kanta tana tuƙa tuwo wa masu sara, matar da ko a gidanta ba ta son girki. Sun ƙwato kamar rabin fadamar. Sauran har yau tana ƙarƙashin ciyawa. Da muka koma makaranta ta kawo labarin aji, ba ta ambaci wanda abin ya shafa ba. Ta ce, "Duk tambayar da za a ba ku da 'idan' take farawa: idan abu ya ci gaba da ninkawa haka. Ku riƙe wannan 'idan' ɗin da kyau. Ni na manta da shi, kogi kuma bai taɓa yi mini alkawarinsa ba."

Yanzu zan zo kan abin da ya fi yi mini nauyi.

Goggo tana da aminiya guda ɗaya tak, malamar lissafi ita ma, Kirista ce daga Bogoro a kudancin Bauchi. Mu Mama muke ce mata. Tare suka fara aiki, tare suke gyara takardun jarrabawa a tsakar gidanmu, suna kiran juna "Ƙawa." Da Sallah Mama ce ke fara cin naman gidanmu, da Kirsimeti kuwa ni ake aika in ɗauko shinkafar Goggo. Ranar da mijin Goggo ya rasu, Mama ce ta tare a gidan har aka yi sadakar bakwai. Mama mai fara'a ce da yawan zance, ita kaɗai na sani tana iya sa Goggo dariya har ta riƙe ciki.

Shekarar da na shiga ajin ƙarshe, an ɗaga Mama ta zama mataimakiyar shugabar makaranta. A zangon farko wani mai duba makarantu ya zo, ya zauna a bayan ajinmu. Goggo ba ta sauya komai ba don an yi baƙo. Ta sa wata ta ba da labarin tambaya da Hausa, muka sauko da ekis, muka gwada amsa. Baƙon yana ta rubutu. A lokacin, ɗaliba ma in aka kama ta tana Hausa a aji horo ake yi mata, balle malama.

A taron malamai baƙon ya tambayi Mama, a gaban kowa, ko haka Goggo ta saba yi. Mama ta ce haka ne. Ya tambaye ta ra'ayinta. Ta ce Goggo ta fi kowa iya koyarwa a makarantar, amma jarrabawar fita da Turanci ake yin ta, kuma tana tsoron yara sun saba sai an fassara musu. Ba a yi mako biyu ba aka ɗauke Goggo daga manyan azuzuwa aka mayar da ita ƙanana, inda ba a koyar da log sam. Ajinmu kuma aka ba Mama.

Da yammacin ranar Mama ta zo gida. Ina wanke-wanke a bakin rijiya, duk abin da suka faɗa a kunnena.

"Ƙawa, ban san haka za su yi ba. Na rantse miki."

"Na yarda."

"An tambaye ni ne. In yi ƙarya? Kuma ki duba, a ajin nan akwai 'ya'yan ma'aikata da ba sa jin irin Hausarki, suna zaune suna kallonki kawai. Sauran kuma, ranar jarrabawa ba kya cikin ɗakin balle ki fassara musu."

"Tun yaushe kike ganin haka?"

Mama ta ce, "An daɗe."

"An daɗe," in ji Goggo. "Kina zama a kan tabarmar nan, muna cin abinci a kwano ɗaya, ba ki taɓa faɗa mini ba. Sai da baƙo ya zo. Da a nan kika faɗa, da mun yi faɗa mun gama, mun ci tuwo."

"Tsoron faɗanki nake ji, Ƙawa. Kowa yana jin tsoron faɗanki."

"To, yanzu kin huta."

Daga ranar Goggo ba ta ƙara taka gidan Mama ba. Ba gaba ta yi ba, don in sun haɗu tana amsa gaisuwa, tana tambayar yara. Amma ta daina cewa Ƙawa, ta koma cewa Madam, kamar yadda masinja ke kiranta. Da Kirsimeti shinkafa ta zo, Goggo ta ce a gode, ta raba wa yaran maƙwabta. Ni kuwa ina tsakiya: da safe Mama ta tilasta mana karanta tambaya da Turanci muna ja wa muhimman kalmomi layi, da yamma Goggo ta sa in ba ta labarin da Hausa. Na ci jarrabawar da kyau, mu da yawa muka ci. Har yau ban san wadda zan fi gode wa ba a cikinsu.

Goggo ta ƙarasa shekarun aikinta tana koya wa ƙananan yara raba lamba da auna kusurwa. Ta yi aikin tsakani da Allah, amma hasken nan da ke fitowa a fuskarta in ta tsaya gaban lissafin labari, ban ƙara ganinsa a makaranta ba. Shugabanni sun sauya, an yi mata tayin komawa manyan azuzuwa, ta ce a bar ta inda aka ajiye ta. Wannan taurin kai nata ne, kuma 'yan mata da yawa suka yi asararsa, ba ita kaɗai ba. Ina ƙaunarta, amma ba zan ɓoye wannan ba. Da Mama ta yi ritaya za ta koma Bogoro, ta zo sallama. Suka zauna kamar baƙin juna, suka yi maganar zafin gari da tsadar mota, Mama ta tashi ta tafi tana share ido da bakin zane.

Bayan Goggo ita ma ta ajiye aiki, sai zaurenta ya zama aji. Yaran unguwa masu shirin jarrabawa suna zuwa da yamma, ba ta karɓar komai a hannun kowa. Ni kuma na zama ma'aikaciyar jinya, ina leƙa ta in na tashi daga aiki, musamman da hawan jini ya kama ta. Shan magani ya zama rigima tsakaninmu. Wata rana na tarar ba ta sha na safe ba, na fara magana, sai ta ce, "Uwata, maganin nan awa nawa yake yi kafin ƙarfinsa ya ragu zuwa rabi a jiki?" Na faɗa mata. Ta jawo takarda ta lissafa mini, da log ɗinta da komai, cewa na jiya bai gama fita daga jininta ba, don haka babu gaggawa.

Na ce, "Goggo, lissafin daidai ne, amma ragowar da kike magana ba ta isa ta riƙe jinin ba."

"To, ba ki ba ni wannan a cikin tambayar ba," in ji ta. Ta karɓa ta haɗiye tana harara ta. Mun yi dariya a ranar. Yanzu in na tuna, dariyar ba ta zuwa, don na san akwai ranakun da ba na nan.

A wannan zaure ne na lura da wani sabon abu. Bayan yaro ya ba da labarin tambaya da Hausa, sai ta ce, "To, yanzu mayar mini da shi Turanci, da bakinka. Nuna mini kalmar da ta gaya maka ninkawa ake yi." Da can ba ta yin haka. Da yaran suka watse na tambaye ta. Ta daɗe tana kaɗe alli daga hannunta, sannan ta ce, "Akwai yarinyar gidan can da na koya wa bara. A nan babu tambayar da ba ta warwarewa. Ta shiga jarrabawa ta fito tana kuka, ta ce ba ta gane abin da ake tambaya ba." Ta ƙara da cewa, "Ƙawata ta faɗa mini. Wurin da ta faɗa ne bai yi mini ba, sai na ƙi jin maganar gaba ɗaya."

Rabon da in ji ta ce "Ƙawata" har na manta. Na ce ga waya, ina da lambar ɗan Mama, in kira? Ta ce a'a, irin wannan magana ba ta waya ba ce. "In ruwa ya ɗauke, hanya ta yi kyau, ki nemi hutu ki kai ni Bogoro. Da ƙafata zan shiga gidanta." Ta sa Baba ya aiko da bandar kifi daga Katagum, don Mama tana son kifin kogin nan. Na nemi hutun, aka ba ni.

Ruwa bai gama ɗaukewa ba ta faɗi a bakin rijiya, tana alwalar azahar. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta tafi. Idanunta suna nan sarai, tana gane kowa, amma in ta buɗe baki sai wani sauti kawai. Matar da ta rayu da bakinta.

Da na ga jikin ba ya sauƙi, na kira ɗan Mama, ya kai wa mahaifiyarsa waya. Na kara wa Goggo a kunne, na ƙara sauti don in ji.

"Ƙawa? Ni ce. Ƙawa, kina jina?"

Goggo ta zaro ido. Leɓenta ya yi ta motsi.

"An ce ba kya iya magana. Kada ki wahalar da kanki, ni zan yi, ai dama ni ce mai surutun. Gwiwoyina sun lalace, idona ɗaya ba ya gani, amma ina zuwa. Yaron nan zai kawo ni da zarar an sake shi daga wurin aiki. Ki jira ni. Ƙawa, ki yafe mini."

Goggo ta yi yunƙuri har jijiyar wuyanta ta tashi. Sautin ya fito, kalma ba ta fito ba. Ta ɗaga hannun hagu ta damƙe wayar tare da hannuna. Har Mama ta gama, layin ya katse, ba ta saki ba. Sai da barci ya ɗauke ta na zare hannuna.

Ba ta jira ba. Ba a hannunta jiran yake ba.

Mama ta iso bayan an yi sadakar uku, gida ya fara raguwa. Ɗanta ya riƙo ta, tana dogara sanda, ta rufe kanta da farin gyale. Baba da kansa ya taso ya tarbe ta a zaure. Ta ce a kai ta ɗakin, na kai ta. Ta zauna a bakin gadon, ta shafa shimfiɗar. Wannan ne karo na farko da na ga Mama ta rasa abin faɗa.

Can ta ce, "'Yata, ki gaya mini gaskiya, kada ki lallashe ni. Ta tafi tana fushi da ni?"

Na gaya mata komai. Na gaya mata yadda Goggo ta koma sa yara mayar da labari Turanci, da abin da ta ce a zaure, da tafiyar Bogoro da muka shirya. Na ɗauko kifin da ke rataye a madafa, a ƙunshe yadda Baba ya aiko shi, na ajiye a gabanta.

Ta dubi ƙunshin, ta dafe bakinta. Sannan ta ce, "Kin san abin da nake yi a Bogoro? Yaran unguwa suna zuwa wurina da yamma. In muka zo lissafin labari, ba na bari su taɓa biro. Da yarenmu nake sa su fara ba ni labarin, sannan mu koma Turanci. Tun shekarar da na koma nake haka, don na gwada tawa hanyar ita kaɗai na ga inda take tsayawa. Kullum ina cewa zan gaya mata." Ta girgiza kai. "Me ya hana ta kira ni? Ni ma me ya hana ni?"

Muka zauna a bakin gadon nan, ni da ita, har aka kira la'asar.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo gare ka. Ka yafe mata taurin kanta, ka saka mata da kowace yarinya da ta buɗe wa ido, ka yalwata mata makwanci, ka haskaka shi. Mu da muka rage, ka ba mu ikon faɗa wa juna magana tun bakinmu yana iya furta ta. Amin.